Ruwan da Na Je Hana Salisu Sha

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba teku a gefenta, ya kuma ba ɗan Adam ƙafafu biyu domin ya je masallaci da gona da wurin neman ilimi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Manzanni da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da na dawo daga Afirka ta Kudu ban huta da tambaya ba. Ɗalibaina na zaure suna tambaya, abokan sahu suna tambaya, har mai kawo mana nono daga ruga ta sauke ƙwaryarta ta tambaya. Kowa so yake ya ji abin da ya fitar da tsoho irina daga Daura a goman ƙarshe na azumi, har ya bar wa ɗalibinsa tafsiri ana dab da rufewa. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ɗana na uku, Salisu, yana can yana karatun haɗa magunguna a wani gari na bakin teku, wanda sunansa ba ya faɗuwa sai an buga harshe a ganɗa. Kafin azumi ya buga mini waya. Ya yi gaisuwa doguwa fiye da yadda ya saba, har lafiyar tumaki ya tambaya, sannan ya ce yana nema wa wani abokinsa fatawa. Wai abokin zai shiga wani tsere da ya faɗo cikin Ramadan, shin ya halatta ya sha ruwa a ranar, ya rama daga baya?

Na ce, "Wannan abokin naka, ba a Daura aka binne cibiyarsa ba kuwa?"

Can ya ce, "Baba, ni ne."

Na ce bai halatta ba. Ya ce ai ya saurari wasu malamai a waya, sun ce akwai sauƙi. Na tambaye shi wurin wa suka yi karatu, ya ce bai sani ba, amma mabiyansu suna da yawa. Daga wannan amsa na gane waya ba za ta gyara al'amarin ba. Wanda ya sha azumi da gangan ba tare da uzuri ba, kaffara ta hau kansa, wata biyu a jere, kuma ko ya yi ta, ranar da ya keta ba ta dawowa. Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta ce, "Malam, kai da kake hana 'ya'yan mutane, in ba ka hana naka ba wa zai hana shi?" Ba zan ɓata takarda da labarin biza da sallama ba. Abu ɗaya ya fitar da ni: kada ruwa ya wuce maƙogwaron ɗana da rana tsaka a watan Ramadan saboda wasa.

Zangon farko ƙasar Habasha ce. Na yi ɗokin saukarta, domin ita ce ƙasar da ta fara ba musulmi mafaka, amma abin da na gani daga cikinta bai wuce dogon zauren gilashi da kujerun ƙarfe masu sanyi ba. Jirgin da zai ɗauke mu ya yi jinkiri. Na zauna ina kallon fataken zamani suna barci a kan jakunkunansu, baki buɗe. Da la'asar ta yi na tuna a daidai wannan lokaci ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mai jan baƙi yana gyara murya, tsofaffin unguwa suna jayayya kan wa zai jingina da bango. Shari'a ta ba ni damar in ajiye azumi, domin ni matafiyi ne na haƙiƙa, amma ban ajiye ba. Ba zan je in ce wa yaro ya daure ba alhali ni na sha ruwa a hanya.

Zango na biyu Johanasbag, kuma a nan aka cuce ni. Ma'aikatan shige da fice suka ga koren fasfo da rawani, suka keɓe ni gefe suna ta tambayoyi da Turancin da ba na ji, har jirgin da zai ƙarasa da ni garin Salisu ya tashi ya bar ni. Na fito tsakar filin ina waige-waige, sai na ji daga bayana an ce, "Allah ya gafarta Malam! Sannu da hanya!"

Wanda bai taɓa yin nisa da gida ba, ba zai gane abin da Hausa ke yi wa kunne a irin wannan wuri ba. Na juya na ga mutum mai matsakaicin shekaru, da hula zanna, da carbi a hannu, har da tabon salla. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sunansa Alhaji Tanimu, mutumin Kazaure ne, kakarsa ma 'yar Baure ce.

"Malam, ai Allah ne ya haɗa mu. Garin nan ɓarayi ne zalla, kada ka yarda da kowa. Kawo jakar nan, bai kamata babba irinka ya ɗauki kaya muna tsaye ba."

Ya ce layin wayata ba ya aiki a ƙasar, bari ya je nan kusa a sa mini nasu, ya kuma yanko mini tikitin mota. Ya zaunar da ni a benci, ya roƙi in sa shi a addu'a. Na sa shi kuwa, tun kafin ya sha kwana. Har inuwa ta juya bai dawo ba. Waya ta tafi, jaka ta tafi, da rigunana, da alkaki da dakuwar da Hajiya ta ƙulle wa ɗanta. Abin da ya rage mini shi ne tufafin jikina da fasfo da 'yan kuɗi kaɗan a aljihun ciki. A cikin maganarsa duka gaskiya ɗaya ya faɗa, ita ce ta ɓarayi.

Na shiga neman wurin salla, a can na gamu da wani Basomale mai shagon kayan waya. Na yi masa bayani da Larabci. Ya saurara har na gama, sai ya fashe da dariya ya ce, "Ya Shaihu, kana magana kamar littafi ne ya miƙe tsaye!" Amma ya gane. Ya tambayi lambar ɗana, yana zaton ta tafi tare da wayar. Na karanto masa ita da ka. Wanda ya riƙe izu sittin lambar waya ba za ta gagare shi ba. Da ya buga, Salisu ya ce zai taho ya ɗauke ni, na ce ya zauna inda yake. Basomalen ya rufe shagonsa, ya kai ni tasha a motarsa, ya sa ni a doguwar bas. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe hannun. Ban tambayi sunansa ba, amma wanda zai saka masa ya san shi.

Zango na uku shi ne cikin motar kanta. Kujerata ta faɗo kusa da wata dattijuwa mai jiki, da gicciye a wuyanta. Na tattare rigata na matsa jikin taga. Da muka fita gari ta buɗe roba cike da soyayyar kaza ta miƙo mini. Na nuna mata rana, na nuna bakina, na girgiza kai. Ta dube ni, ta dubi kazar, sai ta mayar da murfi ta tura robar ƙarƙashin kujera, ba ta ƙara taɓa ta ba. Ƙasar fili ce fetal, babu kuka, babu gawo, babu ko mai kiwo a tsaye, sai wayar da aka kewaye gonaki da ita iya ganin mutum. Da rana ta faɗi ita ce ta fara lura. Ta ƙwanƙwasa hannun kujerata, ta ɓare lemo ta ba ni. Naman ban ci ba, don ban san wanda ya yanka ba, ita ma ba ta matsa ba. Na roƙa mata shiriya, kuma har yau ina roƙa mata.

Da safe Salisu ya tarbe ni a tasha. Da ƙyar na gane shi. Yaron da ya bar gida da kumatu ya koma kamar sandar makiyayi, ya yi baƙi, jijiyoyi sun fito masa a ƙwauri. Na tambaye shi ciwon me ya yi, ya ce, "Lafiya ce, Baba. Ban taɓa jin lafiya irin ta yanzu ba."

A ɗakinsa littattafan karatu suna jibge a ƙasa, keke kuwa an rataye shi a bango sama da gado, inda mutumin kirki ke rataye allonsa. Keken ba shi da wurin ɗaura kaya, ba shi da ƙararrawa, ba ya ma iya tsayawa da kansa. Tayarsa siririya kamar yatsa, sirdinsa kamar bakin lauje. Ko tiya ɗaya ta gero ba za ka kai niƙa a kansa ba, amma wai ya fi bijimin sa tsada. Masu shagon kekunan da yake taya aiki ranar hutu ne suka ba shi aro.

Na ce ya bayyana mini wannan abu daga tushe, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san surarsa ba. Ga abin da na fahimta, domin mai son sani.

Sunansa a bakinsu tirayatalon, wato gasa uku da aka ɗinke wuri ɗaya. Ana farawa da iyo a teku, tazarar da ta kusa kilomita biyu. Mutum na fitowa, ba hutawa ba goge jiki, zai ruga wani fili da aka jera kekuna, ya tuɓe rigar ruwa, ya kifa hular kwano, ya hau keke ya tuƙa nisan da ya ɗara na Daura zuwa Katsina. Yana sauka, ƙafafu na karkarwa, zai sauya takalmi ya kama gudu, kimanin rabin hanyar Baure. Agogo ba ya tsayawa tun daga shiga ruwa har ƙarshe. Ko lokacin da ka ɓata wurin ɗaura takalmi a kanka yake. Kowane mataki da wa'adinsa, wanda ya makara a cire shi. A kan keke an hana ka laɓewa a bayan ɗan'uwanka ya tare maka iska, kowa ya sha wahalarsa shi kaɗai. Wannan da na faɗa kuma wai rabi ne. Akwai cikakke, ninkinsa, na waɗanda haukansu ya nuna. Akwai masu cire iyo su yi gudu sau biyu, akwai masu ƙarawa da tuƙin kwalekwale da hawan duwatsu, su yi kwanaki a daji ba barcin kirki.

Na ce, "To, in mutum ya gama, ina ya isa?"

"Inda ya tashi, Baba."

"Wane saƙo ya kai?"

"Ba a kai komai."

"Wa ya koro shi?"

Ya yi dariya. "Ba mai korar kowa."

"Me ake ba shi?"

"Lambar ƙarfe ta ratayawa a wuya, da riga."

"Irin wadda ake rataya wa akuya don kada ta ɓace?"

Ya gyara zama, na ga ya shirya hujjojinsa kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya ce nisan keken ya wuce mil arba'in da takwas, nisan da ake ƙasaru ke nan, saboda haka shi matafiyi ne a ranar. Na ce karatun da na ba shi bai zube duka ba, amma rabi ya riƙe. Matafiyi a shari'a shi ne wanda ya nufi wani wuri sananne da manufar da shari'a ta yarda da ita, ya kuma bar gine-ginen garinsu tun kafin alfijir, kuma ba a haɗa zuwa da dawowa a ce an cika nisa. Raƙumin da ke jan guga a rijiya ya fi shi taka ƙasa a wuni, amma ba wanda ya taɓa kiransa matafiyi. Ya ce to masu girbi fa, da malamai suka yi wa rangwame in wahala ta tsananta? Na ce su abincin iyalinsu ne zai lalace a gona, kai me zai lalace?

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka san ni. Ko kududdufin bayan gari ban taɓa shiga ba, kai ka hana mu. Na zo garin nan na daɗe ba wanda ya san sunana, daga aji sai ɗaki. Randa na fara zuwa koyon iyo yara ƙanana dariya suke yi mini, wani ya ce mutanen hamada ba sa iya ruwa. Yanzu in na fita da sassafe ta ko'ina ana kirana da suna. Shekara guda ina shirin ranar nan."

Maganar ta taɓa ni, ba zan musa ba. Amma tausayi ba ya cikin abubuwan da ke halatta shan azumi. Na ce, "Tseren kansa wargi ne, ban ce haramun ba ne, matuƙar ka rufe al'aurarka ka kiyaye sallarka. Amma ruwa ba zai shiga cikinka ba sai rana ta faɗi. Ka zaɓa."

Ya ce, "Na ji, Baba."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su cikin kewa. Wata maƙwabciyarsa, musulma 'yar asalin Indiya, kullum kafin magariba sai ta aiko mana da faranti cike da soye-soye masu yaji. Allah ya saka mata, amma cikina kunun tsamiya da ƙosai yake nema. A masallacinsu limamin yana karatu da ruwayar da ba irin tamu ba, ana idarwa kowa ya shige motarsa, babu mai tsayawa a gaisa a tambayi iyali. Ranar Asabar na ga keken ya ɓace daga bango. Na ɗauka ya mayar wa masu shi, na yi hamdala. Ashe dokarsu ce a kai kekuna filin tsere tun ana gobe.

Ranar Lahadi, bayan mun yi sahur mun sallaci asuba, sai na ga yana cusa kaya a jaka.

"Ina zuwa?"

"Tsere, Baba. Na ɗaura niyyar azumi, kuma ba zan sha komai ba. Ka ce in zaɓa, na zaɓi duka biyun."

Ina da ikon in ce kada ya fita, da kuwa ya zauna. Amma na riga na faɗi hukunci da bakina, ni kuwa ba na sauya hukunci don kawai ya zo mini ba yadda na so ba. Na ce a raina teku za ta koya masa abin da na kasa, yana fitowa daga ruwa zai nemi inuwa. Na cika butarsa saboda alwala, na bi shi.

Bakin tekun ya cika maƙil. Maza da mata, har da masu furfura irin tawa, kowa cikin baƙar rigar roba mai ɗame jiki kamar fatar tarwaɗa. An rubuta wa kowa lamba a damtse, yadda ake yi wa shanu shaida a kara in za a loda su kudu, an kuma ɗaura masa wani abu a idon sawu kamar mari, wai shi ke riƙe lokaci. Aka busa ƙaho, suka faɗa ruwa suna haurin juna, kawunansu na yawo kamar ƙoran da ambaliya ta kwaso. Masuntan ƙasar Kabi ma sukan faɗa kogi garke guda haka, amma su da kifi suke fitowa.

Salisu ya fito. Bai nemi inuwa ba. Ya wuce ni a guje yana tofar da ruwan gishiri, da wandonsa har ƙasan gwiwa, wannan kam na shaide shi. Ya ɗaga mini hannu, ya hau keke ya ɓace.

Na samu gindin wata bishiya a bakin hanyar da za su yi gudu, na zauna ina lazimi. A gabana akwai dogon teburi cike da kofuna, 'yan mata suna miƙa wa masu wucewa. Mutum zai fizgi kofi ya kurɓa, ya juye sauran a ka, ya yi jifa da shi. Hanya ta jiƙe sharkaf kamar an yi ruwan sama. Mu da tarihin garinmu ya fara da jiran ranar da za a ɗebi ruwa a Kusugu, mu da muka san matan ƙauye masu wuni a bakin rijiya da tulu, ba za mu kalli wannan ranmu ya yi daɗi ba. Mutanen nan Allah ya ɗauke musu yunwa da tafiyar ƙasa da dakon kaya, sai suka ji kewar wahala, suka je suka sayo ta, suka gayyato dangi su tafa musu. Na ga wani ƙato yana amai a gefen hanya, matarsa tana ɗaukarsa hoto.

Hanyar gudun kewaye ce, sai an zagaya ta an sake zagayawa, saboda haka kowa zai yi ta wucewa ta gabana. Rana ta take tsaka lokacin da Salisu ya ɓullo. A zagayen farko ya yi mini murmushi, gishiri ya bushe fari a fuskarsa. 'Yan matan suka miƙa masa kofi, ya girgiza kai. A na biyu bai gan ni ba. Gudun ya koma jan ƙafa, suka bi shi da kofi suna magiya, ya ture. Na ji wani abu mai kama da alfahari ya taso mini, na nemi tsari daga gare shi. A na uku na hango shi daga nesa yana tafiya a karkace kamar wanda ƙasa ke zame wa. Da ya matso na ga abin da ya tsayar mini da numfashi: kowa a hanyar nan jiƙe yake da gumi, shi kaɗai ne busasshe.

Na san wannan alama. Na gan ta a Mina a jikin wani alhaji da muka sallata washegari, na gan ta a jikin masu haƙar rijiya da bazara. In gumi ya ƙafe, ido ya kafe, maganar gajiya ta wuce. Hukuncin da na bayar a ɗaki na mai lafiya ne. Wanda ake jiye wa tsoron halaka, shan ruwa wajibi ne a kansa, ci gaba da azumin shi ne saɓon. A babi ɗaya malamai suka kawo su duka biyun, layi kaɗan ne tsakaninsu.

Na ɗaga murya, "Salisu! Sha ruwa!" Bai ji ba. Na ɗage riga na haura shingen ƙarfen, ban san yadda na yi ba, rawanina ya warware. Kafin in isa ya zube a kan gwiwoyinsa. Na tallafo kansa, jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na kai masa bakin butar, sai ya datse haƙora.

"Baba... wata biyu..."

"Babu wata biyu. Buɗe."

"Kai ka ce... sai rana ta faɗi."

"Ni na karantar da kai ko kai ka karantar da ni? Na ce wajibi ne! Buɗe bakinka, shashasha!"

Ya buɗe. Na yi bisimilla na riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan, na jiƙa gefen rawanin ina shafa masa a wuya da ƙirji. Masu gudu suna ratsa mu hagu da dama. Bayan jimawa idonsa ya dawo. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya dubi hanya ya ce, "Saura zagaye ɗaya."

Sai ga wata baturiya da usur a wuya, ta tsaya a gabansa ta ɗaga jan kati. Ta yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Na ga fuskar Salisu ta sauya.

"Me take cewa?"

"An cire ni, Baba."

"Saboda ka faɗi?"

"A'a, faɗuwa ba laifi ba ce. Saboda na karɓi taimako daga wanda ba ma'aikacin tsere ba."

"Tambaye ta, da daga hannun waccan yarinyar mai kofi ka sha fa?"

"Wannan ya halatta."

"Daga hannun ubanka kuwa?"

"Shi ne aka hana."

Na dubi matar nan. Na ƙarar da rayuwata ina karanta hukunce-hukunce, na musulmi da na al'ummomin da suka gabace su, har al'adun maguzawa na sani, amma ban taɓa cin karo da dokar da ta hukunta ɗa don ya sha ruwa a hannun mahaifinsa ba. Na ce ya gaya mata haka. Ina shakkar ya gaya mata, domin gajeriyar magana na ji ya yi, ita kuwa ta yi murmushi ta dafa ƙirji ta wuce.

Masu agaji suka ɗauke shi zuwa wata rumfa, suka sa masa ƙarin ruwa. Likitan ya yi ta faɗa, da ya ji azumi yaron yake yi sai ya juyo yana kallona. Ni ma na kalle shi. Rumfar cike take da irinsu, an jera su kamar bayan yaƙi, wasu da lambar ƙarfen a wuya suna nishi suna murna. Da ruwan ya fara shiga jikin Salisu, ta ido ya fara fitowa. Can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncina?"

"Ramuwar kwana ɗaya, babu kaffara. Sai istigfari mai yawa, domin da ƙafarka ka kai kanka."

Ya goge fuska. "Baɗi azumi zai matso. Tseren zai faɗo bayan Salla."

"To, sai me?"

"Zan sake shiga."

"Ka shiga. Wargi ne bana, wargi ne baɗi. Amma ka sha a kowane teburi, daga hannun da suka yarda da shi, domin ni ba zan sake hawa motar nan ba."

Masu tambayata ko na sauya ra'ayi game da wannan tsere, amsata ita ce ban sauya ba. Wahala ce marar fa'ida, ba ta mayar da mazaunin gida matafiyi, ba ta kuma halatta wa kowa ya wayi gari da niyyar shan azumi. Ilimi cikakke yana wurin Allah shi kaɗai.

Da magariba, bayan na yi buɗa-baki, Salisu ya kira mahaifiyarsa ya miƙo mini wayar. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Malam, yaya? Ya sha?"

"Ya sha."

Ta yi salati. "Duk wannan doguwar tafiya! Wane malamin banza ne ya ba shi fatawa?"

"Ni ne, Hajiya. Ni kuma na riƙe masa butar."

Sai ta yi ƙasa-ƙasa da murya.

"Yana kusa?"

"Ga shi nan kwance, yana cin dabino."

"To, ba ni shi."